Katin Baba

Sandamu,
Daren Juma'a.

Amaryata,

Kin tafi makaranta kin bar angonki ba tuwo ba miya. Mamanki ta ce kin ishe ta da tambaya a kan tsohon katin nan da kika tono a adakata. To, saurara.

Na mahaifina ne. Daga nan Sandamu ya tafi cin rani Zariya, reluwe ta ɗauke shi lebura, yana ɗaukar ƙarfen dogo a kafaɗa. Har ya rasu akwai kanta a wurin, ina yaro nakan danna ta da yatsa, shi kuwa ya yi ta dariya. Katin na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ne, wadda ta yi rajista a 1940, Michael Imoudu yana shugabanta.

Lokacin yaƙin Hitila kaya suka yi tsada, albashi na nan inda yake. Ma'aikata suka nemi ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Turawa suka tsare Imoudu a 1943, ba su sake shi ba sai 1945. Ran 22 ga Yuni na shekarar aka shiga yajin aiki, aka kwashe sama da kwana 40. Jirgi ya tsaya cik, 'yan gidan waya ma suka bi sahu.

Damina ce fa, gero na jiran noma a gida. Baba ya ce sau biyu yana ɗaure kayansa zai gudo, sau biyu yana kwancewa, don kunyar wani Bayarabe da wani Ibo da suke cin garin rogo a kwano ɗaya. Babbar rigarsa guda ɗaya tak ya sayar a kasuwar Sabon Gari. A 1946 aka yi ƙarin. Ya sayi wata rigar, amma kullum sai ya ce ba ta kai waccan ba.

Shi da ya shimfiɗa wa garuruwan wasu dogo, a mota yake dawowa daga Kano, don jirgi bai zo ƙasar Daura ba a zamaninsa. Sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Daura. In kin zo hutu za mu je ki ga masu aikin, ki tambaye su ko suna da kati.

Wannan kuwa ki maido mini shi cikin ledarsa, kada ki naɗe shi.

Angonki,
Kaka.