Kowace Tufa Da Irin Wankinta

Ya ke 'yar'uwata, duk macen da ta san ciwon kanta ta san cewa wankin shadda daban ne, na atamfa daban, na leshi ma daban, balle kuma hular maigida wadda sai an kafa ta a kan gungume. Waɗannan duk mun gaje su wurin iyaye. To amma zamani riga ne, yau ga wata tufa ta fara shigowa gidajenmu wadda kakanninmu ba su bar mana bayaninta ba, wato rigar da yara ke sawa wajen koyon wasannin kare kai. A kanta nake son mu ɗan tattauna, domin kuwa kuɗinta ba kaɗan ba ne, kuma lafiyar fatar 'ya'yanmu tana rataye da yadda muka kula da ita.

Ni dai ta hannun ƙanin maigidana, wanda muka riƙe tun yana ƙarami, ta shigo mini gida a nan Dutse. Ya je karatu Abuja ya dawo da wata kokawa da ake kira jujitsu ta Burazil, da farar rigarta mai kauri kamar bargo. Ba a daɗe ba 'yata ta biyu ta kafe ita ma sai ya koya mata. Da na ga wasan babu naushi babu shuri, riƙo ne da kayarwa da dabarar ƙwacewa daga hannun wanda ya fi ka ƙarfi, sai na goya mata baya wurin babanta. Tun daga nan wankin riguna biyu ya hau kaina, ya kuma koya mini abin da zan faɗa miki.

Asalin wasan daga Japan yake. Wani malami mai suna Jigoro Kano, sunan nasa kamar na birninmu na Dabo, shi ya kafa judo a Tokyo a shekarar 1882. Wani ɗan makarantarsa, Mitsuyo Maeda, ya isa ƙasar Burazil a 1914, mutanen gidan Gracie suka koya suka mayar da hankali kan kokawar ƙasa. Rigar wasan ana ce mata gi, kuma kashi uku ce: riga mai buɗaɗɗen gaba, wando mai mazagi, da ɗamara. Da yake duk wasan a cakumar wuya da jan hannun riga yake, dole yadin ya zama mai jure ja. Shi ya sa rigar karate, wadda take shara-shara, ba ta yin wannan aiki. Ana cakumarta sau biyu sau uku sai ki ji ƙyat.

Abu na farko wajen zaɓe shi ne nauyi. Za ki ga an rubuta lamba a jikin takardar rigar ko a tallarta, kamar 350 ko 450 ko 550. Wannan nauyin yadin ne, wato giram nawa ke cikin murabba'in mita ɗaya. Daga 350 zuwa 450 ita ce marar nauyi, daga 550 zuwa sama kuwa mai nauyi ce. Masu nauyin sun fi ƙarko, gaskiya ne, amma sun fi dacewa da ƙasashen sanyi da ɗakuna masu na'urar sanyaya iska. Mu nan da zafin watan Maris zuwa Mayu kan taɓa digiri 40, duwatsun garin nan su sha rana su yi ta huci har bayan magariba, ina yaro ina bargo? Gumi zai ƙarar masa da ruwan jiki kafin ya koyi komai. Sannan ki tuna ke ce mai wankin, kuma da hannu za ki yi. Riga mai nauyi idan ta sha ruwa sai mutum biyu sun kama kafin a matse ta, ga cin ruwa ga cin sabulu.

Sai dai fa rashin nauyi kaɗai bai isa ba, don araha ba ta ado. Ki kama wuyan rigar ki lanƙwasa, idan ya tsaya da ƙarfinsa ya koma yadda yake to mai kyau ne. Ki juya cikinta ki duba hammata da tsagar gefe da gwiwar wando, nan ne take fara yagewa, don haka ki tabbata an ruɓanya yadin kuma ɗinkin layi biyu ne ko uku. Wandon da aka fi so a zafi shi ne na yadin nan mai ƙananan gidajen dara a jikinsa, wanda ko ya huje ba ya zarcewa da yagewa.

Girma kuma da haruffa ake gane shi: A na manya, F ɗinkin mata, M na yara. Auduga ce, kuma auduga tana tsukewa a wankin farko, saboda haka kada ki sayi wadda ta yi cif-cif. Hannun ya kai wuyan hannu, wandon ya kai idon sawu. Launin da aka yarda da shi a manyan gasa uku ne, fari da shuɗi da baƙi. Farar ta fi sanyi, amma da jar ƙasar nan tamu da ƙurar hunturu ni shuɗiya na zaɓar wa 'yata. Tunda gaban rigar yana buɗewa idan wasa ya yi zafi, 'ya mace sai ta sa riga mai dogon hannu mai kama jiki daga ciki, da dogon wando, da abin rufe kai wanda babu fil ko allura a jikinsa. Idan sabuwa ta fi ƙarfin aljihu, a laluba gwanjo irin na Ƙofar Wambai a Kano, wani lokaci akan dace da ta judo, wadda ta fi faɗin hannu amma tela zai iya rage ta a yi atisaye da ita.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wannan wasa jiki da jiki ne, a kan tabarma ɗaya, cikin gumi. Rigar da aka cusa a leda ta kwana da danshi gidan ƙwayoyin cuta ce, daga nan makero da ƙuraje da maruru ke yaɗuwa. Na ga yaron maƙwabta da ya ari rigar abokinsa ba a wanke ba, makero ya fito masa a wuya, kafin wata guda ƙannensa biyu sun ɗauka ta hanyar tawul da shimfiɗa. Kuɗin magani ya ci rabin kuɗin rigar. Riga-kafi ya fi magani: duk ranar da aka sa ta, a ranar za a wanke ta, har da ɗamarar, kuma ba a aro.

Ki wanke da ruwan sanyi, don ruwan zafi yana ƙara tsuke ta. Ki juya bayanta, ki jiƙa da omo na ɗan lokaci, ki cuɗa wuya da hammata, ki ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare, domin ragowar omo da gumi ƙaiƙayi suke haifarwa. Bilic kuwa ki nisance shi, yana cinye zaren auduga. Za ta yi fari tas, amma ranar da aka ja ta sai ta yage kamar takarda. Idan ta fara wari, ɗan ruwan khal a ruwan ɗauraya yana taimakawa. Ba ta son sitati, kuma kada dutsen guga ya hau wuyanta, saboda galibi roba ce a ciki. Wani mai wanki da guga ya taɓa yi wa ta ƙanin mijina haka, wuyan ya karkace bai sake miƙewa ba.

Wajen shanya, fara tana iya shan ranar safe, amma shuɗiya da baƙa inuwa mai iska suke so, in ba haka ba su koɗe. Da hunturu ki kwashe da zarar ta bushe kafin ƙura ta lulluɓe ta. Da damina, musamman watan Agusta, a nan za ki gode wa marar nauyi, don takan bushe a yini guda, mai kauri kuwa sai ta kwana biyu tana tsami. Kada ki ninke ta da sauran lema a wuya. In kin ga zare ya fara warwarewa ki kai wa tela tun ɓarakar tana ƙarama.

Abu na ƙarshe, 'yar'uwa, kada ki mayar da kanki baiwar rigar. Yarinyar da ta isa ta kayar da sa'arta ta isa ta ɗauki bokiti. Ni makonni kaɗan na yi ina nuna wa tawa, yanzu ita ke wanke abarta, ta shanya, ta ninke, kuma tun da ta ji nauyin jiƙaƙƙen yadin a hannunta ba ta ƙara yar da ita a tsakar gida ba. Ki nuna wa naki sau ɗaya sau biyu, ki tsaya a kansu har hannunsu ya faɗa, sannan ki sakar musu.