Makon da Muka Auna Duniya da Sanda a Garwa

Litinin, 13 ga Maris, 2023

Tun ƙarfe tara kwanon ajin ya fara huci. Waɗannan su ne yaran da suka ci BEPC bara, kuma babu jarrabawar ƙasa a gabansu sai baɗi, shi ya sa nake iya ɗan sakewa da su. Sun cika benci, na can baya sai sun miƙe suke ganin ƙasan allo. Na zana da'ira, na ratsa ta da layin ikwaita, na rubuta kilomita 40,075, suka duƙufa suna kwafa. Ina juyowa sai wani yaro daga lungu ya ɗaga hannu: "Mushe, ni fa na ga wani a TikTok yana cewa duniya a shimfiɗe take, wai Turawa ne suka ƙirƙiro maganar ƙwallo." Aka kwashe da dariya, amma na lura wasu ba dariyar suke ba, amsa suke jira.

Da na ce masa littafi ya faɗa, da ya ce mini waya ma ta faɗa, kuma a wurinsa wayar ta fi littafin kwarjini, tunda tana magana tana motsi. Sai na ce musu Litinin mai zuwa dare da rana za su daidaita, ranar za mu auna kewayen duniya da kanmu a filin makaranta. Suka ce da me? Na ce da sanda.

Talata, 14 ga Maris

Na aro ƙaramin majigi a wurin abokin aiki don in nuna musu tafiyar rana a Stellarium, manhajar da ke zana sararin sama na kowane gari a kowane lokaci, ba ta kuma buƙatar intanet. Muna cikin haɗa wayoyi aka ɗauke wuta. Ba wanda ya ko ɗaga kai, an saba. Kusan duk arewacin Kamaru madatsar Lagdo muke kallo, wadda aka gama a 1982 da injinan megawat 72, kuma duk sa'ad da ruwan tafkin ya ja baya a rani, sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. Ana ta kafa faya-fayen hasken rana a Gidar da Marwa, Allah ya sa su rage mana.

Batirin majigin ya ɗan ja mu, amma hasken da ke kwararowa ta tagogi ya wanke hoton tas. Na kashe, na kira su rukuni-rukuni suka zagaye wayata. A nan tsaye na ba su labarin Eratostin, mai kula da ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ji cewa a Aswan akwai ranar da rana ke leƙa ƙasan rijiya da tsakar rana, babu inuwa ko kaɗan, alhali a Iskandariyya a wannan rana sanda na da inuwa. Ya auna karkatar, ya samu kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, wato digiri 7.2, ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin. Na ƙara musu da cewa Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana zuwa sararin Sinjar wajen shekarar 830 don su auna tsawon digiri guda a ƙasa, daga baya Albiruni ya fito da tasa dabarar daga kan dutse. Da na ambaci Bagadaza na ga yaron TikTok ya gyara zama.

Laraba, 15 ga Maris

Rabin yini. Da rana na je wurin kafinta a Hausare ya yanka mini sanduna, kowacce mita guda cif. Ya tambaye ni ko na dukan yara ne. Da na yi masa bayani ya ce, "To Malam, in ka gama auna duniyar ka zo ka biya ni cikon kuɗina."

Da dare na kira wata abokiyar karatuna ta makarantar horon malamai ta Marwa, wadda yanzu take koyarwa a Gaundare. Garin ya dace da aikin: kudu yake da mu kusan santal, don haka tsakar ranarsu da tamu kusan lokaci ɗaya ne. Ta amince, da sharaɗin ni zan tura mata kuɗin data.

Alhamis, 16 ga Maris

Yau gwaji, kuma yau ce ranar da na fi jin daɗi. Malamin lissafi ya ba ni rabin sa'arsa, ya tsaya ya tuna musu tanjan: tsawon inuwa a raba da tsawon sanda, a nemo kusurwa a na'urar lissafi. Muka fita fili. Nan matsaloli suka fara bullowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na kama bakina na bar su da su.

Ƙasar filin ba a daidaice take ba, sai wani rukuni suka koma kan simintin gindin tuta. Sandar wasu ta karkace, sai wani yaro da mahaifinsa magini ne ya tsinke zare daga bakin jakarsa, ya ɗaura tsakuwa, ya sake ta a gefen sandar, ya ce haka babansa yake gane ko gini ya miƙe. Kafin a jima kowane rukuni na neman zare. Bakin inuwar kuma ba shi da kaifi, ga sauran hazo a sama, suka yi ta musu a kan inda ya kamata a ɗiga alli. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta shimfiɗa farar takarda a ƙasa, inuwar ta fito sarai.

Duk wannan da Fulatanci ake yin sa, ana tsoma Hausa, can gefe wasu biyu na yi da Tupuri. A cikin aji Faransanci ne kawai, kuma da yawansu shirun da suke yi ba na rashin sani ba ne, tsoron kuskuren nahawu ne. Na bar su suka yi musunsu da harshen da ya zo bakinsu, na ce rahoton dai da Faransanci za a rubuta. Tsarin da ma'aikatar ilimi ke kira APC cewa yake a fara kowane darasi da wani hali na rayuwa. Mu malamai mun iya rubuta wannan a takardar shiri don sufeto ya gani: wai wani Bello ya je kasuwa ya ga kaza, ka taimaka masa. Yara sun san Bellon nan na ƙarya ne. Sandar da ta ƙi tsayawa kuwa ta gaske ce.

Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne da agogo ya buga sha biyu inuwar ba ta daina raguwa ba. Suka ci gaba da ɗiga alli duk bayan minti biyu, sai wajen sha biyu da kwata ta tsaya, ta fara juyawa gabas. Na bar musu tambayar su kwana da ita.

Juma'a, 17 ga Maris

Mai kula da ɗa'a ya kira ni. Dokar makaranta ta hana ɗalibi shigowa da waya, kuma ya ji ana cewa na ba da izini. Na ce masa waya ɗaya ce, tawa, kuma a hannuna za ta zauna. Ban ga laifinsa ba. Na ga abin da waya ke yi wa aji in aka sake ta, kuma ba na cikin masu ganin cewa da zarar an raba na'ura an raba ilimi. A 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, an yi ta ba da darasi a talabijin na CRTV da intanet. Da aka dawo na tambayi ajina na lokacin wa ya bi, hannuwan da suka tashi ba su taka kara sun karya ba. Gidan da babu wuta, wayar kuma ɗaya ce tana aljihun maigida a kasuwa, ina zancen darasi daga nesa?

Asabar, 18 ga Maris

Bayan la'asar na zauna wurin limamin unguwarmu, dattijo ne da ya yi karatun zaure a Yola da Zariya. Na ce, "Allah gafarta Malam, kafin agogo ya yawaita, yaya kuke gane shigar azahar?" Bai ce komai ba, ya miƙe ya fita tsakar gida, ya juya wa rana baya, ya sa ni na ajiye tsinke a inda inuwar kansa ta ƙare. Sannan ya taka, diddige na bin yatsa, yana ƙirgawa. Ya ce tsawon mutum ƙafarsa bakwai ne. Inuwa na raguwa tun hantsi har ta tsaya, abin da ya rage a lokacin shi ne inuwar zawali. In ta fara ƙaruwa azahar ta shiga, in ta ƙaru da ƙafa bakwai a kan ta zawali, la'asar ta yi. Ya ce inuwar zawalin ba ta zama ɗaya: da sanyi tana da tsawo tana kallon arewa, yanzu tana ta guntulewa, nan da 'yan makonni za ta shige ƙarƙashin ƙafa, daga nan ta koma kudu har tsakiyar damina ta wuce.

Na ciro waya na duba a gabansa. A Garwa rana na tsayawa daidai bisa kai wajen tsakiyar Afrilu, sai kuma ƙarshen Agusta. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "To, ashe ita ma ta yi karatu." Na roƙe shi ya zo makaranta ya nuna wa yara, ya ce shi da lakwal sai dai daga nesa, amma in turo su.

Lahadi, 19 ga Maris

Caji kawai na yi ta nema. Sama ta yi fari fat da ƙura har dutsen Tingilin ya ɓace. Ban ji daɗin ganin haka ba.

Litinin, 20 ga Maris

Hazon ya sauka cikin dare, Alhamdu lillahi. Tun sha biyu saura muka jeru a gindin tuta, kowane rukuni da sandarsa da zarensa da farar takarda. Yara mata sun lulluɓe kai da littafi, mai sayar da zoɓo a bakin ƙofa ya yi ciniki. Na kira Gaundare ta WhatsApp, hoto ya tsaya cak, muka koma murya, murya ta yanke, muka koma rubutu. Can sai ga hoto ya shigo: sanda, takarda, da hannun wata yarinya riƙe da ma'auni a kan santimita 13. Namu rukunan sun samu tsakanin 16 da 17, muka tsaya a 16.5.

A aji aka buga lissafi. Kusurwarmu ta fito digiri 9.4, ta Gaundare 7.4, bambanci digiri biyu, wato kashi ɗaya cikin 180 na da'ira. Saura nisa. Wani yaro da kawunsa direban motar haya ne ya ce shi ya san hanyar, ta fi kilomita 270, suka ninka suka samu abin da ya doshi 50,000. Suka yi tsuru-tsuru. Yarinyar nan mai farar takarda ta ce ai mota ba miƙewa take ba, ga kwane-kwanen hawan dutse kafin a shiga Gaundare. Na buɗe taswira a waya, na ja layi daga gari zuwa gari, ya ba mu kimanin 220. Sau 180, ya zama 39,600. Wani ya buɗe littafinsa na makon jiya ya ga 40,075, ya daki benci, ajin ya kaure da ihu har malamin makwabta ya leƙo.

Na gaya musu kada su cika baki: da bambancin digiri biyu kacal, kuskuren rabin santimita zai iya jefa mu dubban kilomita gaba ko baya. Sa'a ta taimaka.

Yaron TikTok bai yi ihu ba. Ya ce, "Mushe, in duniya a shimfiɗe take, rana kuma tana kusa kamar fitila a tsakar ɗaki, ai inuwar za ta bambanta haka nan." Gaskiyarsa, kuma tambayarsa ta fi duk amsoshin yau daraja. Da garuruwa biyu makusanta ba za a raba gardamar nan ba, sai an samu na uku mai nisa. Wani ya ce yayansa na karatu a Azhar, a Alƙahira, sai muka aika masa ya auna mana.

Talata, 21 ga Maris

Kafin saƙon Alƙahira ya iso na sa suka yi hasashe a allo. Nisan Alƙahira daga ikwaita ya ninka namu sau uku da ɗan ɗori. In ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, inuwa za ta ninka daidai haka, ta kai kamar santimita 53. In kuwa ƙwallo ce, birnin na kan digiri 30, inuwa za ta kai 57 ko 58. Na sa yaron TikTok ya rubuta lambobin biyu da hannunsa.

Saƙon ya shigo muna gab da tashi. Bawan Allah ya auna a rufin masaukinsu da sandar tsintsiya da ya yanke, ya samu 57. Ya haɗo da murya yana gaida ƙanensa, yana cewa abokan zamansa 'yan Indonesiya sun ɗauka ya zautu. Na ba yaron TikTok wayar ya karanta wa aji da kansa. Ya karanta, ya yi shiru, ya ce yana so a sake aunawa da wani mutum daban, don bai ga lokacin da aka yanke tsintsiyar ba. Na ce ya nemo mutumin.

Laraba, 22 ga Maris

Gobe ake sa ran tashi da azumi, rabin ajin hankalinsu na kasuwa. Na karɓi rahotanni. Faransancin wasu sai a hankali, amma zanen kusurwoyin daidai ne, har da na waɗanda ba su taɓa samun rabin maki a wurina ba. Malamin lissafi ya riƙe sandunan, ya ce zai auna tsawon bishiyar dogon yaro da 'yan ƙaramin aji. Na duba littafin ci gaban darussa, na ga an bar ni a baya da babi guda, dole in haɗa iska da ruwan sama a sa'a ɗaya bayan hutu.

Wasu yara maza sun tare ni a bakin ƙofa suna tambayar gidan liman, suna so su ga awon ƙafa bakwai. Na kwatanta musu, na ce su bari sai bayan la'asar, su kuma cire takalmi tun daga zaure. Kafinta ya aiko yaronsa karɓar ciko.