Daga Kew Zuwa Kantin Dillalin Takardun Yaƙi

Jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Kew Gardens da ke yammacin Landan, na ƙarasa da ƙafa zuwa gidan adana takardun tarihi na Birtaniya. Ba a shiga ɗakin karatunsu da biro, sai fensir. Kundin da ya kai ni, wanda suke kira WO 373, a kwamfuta ake duba shi. Takardu ne da hafsoshi suka cike suna neman a ba wani soja lambar yabo.

Kowace takarda na ɗauke da sunan soja, da lambarsa, da bataliyarsa, sai 'yan layuka kan bajintar da ya nuna. A gefe kuma ga sa hannu bi da bi, daga kwamandan bataliya har zuwa janar. Da na kai kan Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama a 1944 da 1945, sai ga namu: wane Katsina, wane Sakkwato, wane Dikwa. Da sunan garinsu aka rubuta da yawansu, shi ya sa gano zuriyarsu yau sai an sha wuya.

Daga nan na nufi tsakiyar birni, kantin wani dattijon Bature mai sayar da lambobi da takardun yaƙi. Ya fito da takardar yabo ta 1919 mai sa hannun Winston Churchill, lokacin yana sakataren harkokin yaƙi, ya miƙo mini tabarau mai ƙara girman rubutu. Bugun inji ne, in ji shi, domin dubbai aka raba, kuma sabon shiga kan biya kuɗin tawada ya tafi da bugu. Masu tarawa na gaske sai sun duba yadda alƙalami ya shiga jikin takarda, sun kuma bi diddigin hannuwan da ta ratsa kafin ta iso gwanjo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake yanka farashi. Sunan mai sa hannu ake saye. Montgomery, Mountbatten, ko Janar Slim na Runduna ta 14 suna da kasuwa. Na Orde Wingate kuwa wuyar samu gare shi, tunda ya mutu a haɗarin jirgin sama a Maris 1944. Bataliyoyi uku na Najeriya sun yi yaƙi cikin dakarunsa na Chindit, sunan da barikin soja na Zariya ke amsawa har gobe. Amma kofur ɗin da aka rubuta takardar dominsa, shi da ya kwana cikin laka da sauro, ba kasafai mai saye ke tambayar ko wane ne ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dattijon ya ce takardun sojojin Afirka ba sa yawan zuwa hannunsa. Ban yi mamaki ba. Waɗanda 'yan mazan jiya suka dawo da su suna can cikin adaka a gidajenmu, gara da damina na cin rabonsu.

Mai karatu, in kakanka ya je Bama, nemo takardar sallamarsa da lambobinsa. Ka ɗauki hotonsu gaba da baya, ka rubuta lambarsa ta soja, ka ajiye na asalin inda laima ba ta kai. In dillali ya zo taya, ka ce ba na sayarwa ba ne.