Yadda Ake Tsufar da Ɗan Jirgi

Idan ka tashi a ƙasar Hausa ko kusa da ita, ba mamaki ka taɓa ganin yara suna ƙera mota ko jirgin sama da karan dawa. Suna fere kara, su soka tsinke, su yi taya da ɓawon goruba ko murfin kwalba. Wasu kuma gwangwanin madara suke yankawa. Abin da nake so in ba ka labarinsa ɗan'uwan wannan wasa ne, sai dai manya ne suka fi yin sa. Ana sayen kwali cike da gutsattsarin roba, a manna su da gam, a shafa fenti, sai ga ɗan ƙaramin jirgi mai kama da na gaske sak. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan sun daɗe suna yin waɗannan kaya. A nan Abuja, inda nake zaune, samunsu ba abu ne mai sauƙi ba. Sau da yawa sai mutum ya yi saƙo, ya jira makonni kafin kwalinsa ya iso.

Kowane ɗan jirgi yana da ma'auninsa, kuma an rubuta shi a jikin kwali. Idan ka ga 1:72, ma'anarsa an rage girman jirgin sau 72. Ka ɗauki Alpha Jet, jirgin yaƙin da Faransa da Jamus suka haɗa gwiwa suka ƙera, wanda rundunar sojan sama ta Nijeriya ta fara amfani da shi a farkon shekarun 1980. Tsawonsa kimanin mita 13 ne. A ma'aunin 1:72 sai ya dawo kimanin santimita 18, wato bai cika taƙi ɗaya na hannun babban mutum ba. Ka riƙe wannan lissafi a ranka, domin zai yi mana amfani nan gaba.

Bayan an gama haɗawa da fenti, jirgin yakan fito fes, yana ƙyalli kamar sabon kwabo. A nan ne mutane da yawa suke tsayawa, a nan kuma ni nake fara aikin da na fi so. Nakan ɗauki wannan kyakkyawan abu in sa masa tsufa. In kankare fentinsa a wasu wurare, in dusashe launinsa, in sa masa ƙura da tabon mai. Baƙi da suka ga ina wannan aiki sukan riƙe baki. Wani ya ce mini, "Malam, ka sha wahala ka gyara abu, don me kuma za ka ɓata shi?" Tambaya ce mai kyau, musamman a gari irin Abuja. Birni ne sabo, wanda gwamnati ta dawo cikinsa daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma har yau mutanensa suna son abu sabo, mai sheƙi. Amsar da nake bayarwa ita ce, jirgin da ba shi da ko ƙwarzane ɗaya jirgi ne da bai taɓa tashi ba. Alpha Jet na Nijeriya ya yi aiki a Laberiya tare da dakarun ECOMOG a shekarun 1990, ya sha rana, ya sha ruwan sama, ya sha hazo. Idan na ajiye shi yana ƙyalli, na nuna siffarsa kawai, na ɓoye tarihinsa.

Amma kafin ka taɓa burushi, sai ka koyi kallo. Fenti ba ya ɓantarewa haka kawai a ko'ina. Shiga ɗakin girki na gidanku ka ɗauki tsohon kwanon sha mai fenti. Ina ya ɓantare? A bakinsa, inda yake karo da wasu kwanuka, da gindinsa, inda yake gogar ƙasa. Tsakiyar jikinsa tana nan lafiya. Ka fita bakin titi ka dubi tifofin da suke ɗauko dutse daga Mpape. Fentin ya tafi a matakalar da direba yake takawa, da gefen ƙofar da yake kamawa, da gaban mota inda tsakuwa take bugu. Kowane tabo yana da dalilinsa. Ko ƙafa ce ta taka, ko hannu ne ya kama, ko iska ce ta jefo wani abu.

Haka abin yake a jirgi. Fenti yana ɓantarewa a gindin fiffike, inda matuƙi da makanikai suke takawa da takalma. Yana tafiya a gaban fiffike da bakin farfela, inda yashi da ɗigon ruwa suke duka da gudu. Yana salewa a gefen ƙananan murafen da ake buɗewa kullum don duba inji ko zuba mai, da kewayen notunan da sukuddireba yake taɓawa. Hotunan jirage na gaske su ne malamanka a nan, kuma suna da yawa a littattafai da intanet. Shawara ɗaya: kada sha'awa ta kai ka ɗaukar hoto a kusa da sansanin soja. Ka tsaya ga hotunan da aka riga aka wallafa.

Sai kuma ka tambayi kanka, me ke ƙarƙashin fentin? Yawancin jiragen yaƙi da alminiyam aka yi jikinsu. A kansa akwai fentin shimfiɗa, wanda a jirage da yawa yake da launi tsakanin rawaya da kore, sannan fentin sama. Saboda haka tabo mai zurfi yakan nuna farin ƙarfe a tsakiya, da siririn layi na fentin shimfiɗa a gefensa. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta kwanon rufi. Duk wanda ya zuba wa fiffike jar tsatsa ya mayar da jirginsa tsohuwar tifa. Akwai kuma jiragen da ba su da ƙarfe a yawancin jikinsu. Jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano a ranar 1 ga Nuwamba, 1925, ƙirar DH.9A ne, fikafikansu katako ne da aka lulluɓe da ƙyalle. Idan za ka yi kwaikwayonsu, farin ƙarfe ba shi da wuri a fiffike. Abin da ya dace da su shi ne koɗewar launi, da tabon mai, da ƙurar hamada.

Kayan aikin ba su da tsada, galibinsu za ka same su a Kasuwar Wuse ko a shagon unguwarku. Hanya mafi sauƙi ita ce ta soso. Ka yagi ɗan guntun soson katifa, kada ka yanka shi da almakashi, domin ana son bakinsa ya zama ba daidai ba. Ka kama shi da matsefata, ka tsoma a fenti mai launin azurfa, sannan ka dangwala shi a takarda sau da yawa har sai ya kusa bushewa. Daga nan sai ka riƙa taɓa gindin fiffike a hankali, kana juya hannu don kada tabon ya riƙa maimaita kansa.

Hanyar gishiri ta fi ban sha'awa, ni ma na fi son ta. Da farko ka shafa launin ƙarfe, ka bari ya bushe sarai. Sai ka jiƙa wuraren da kake so da ɗan ruwa, ka barbaɗa gishiri, mai laushi da mai tsakuwa a haɗe. Idan ruwan ya bushe, gishirin zai manne. Ka fesa fentin sama a kai. Bayan ya bushe, ka goge gishirin da tsohon burushin haƙori. Duk inda ƙwayar gishiri ta zauna, farin ƙarfe zai leƙo, kuma babu tabo biyu masu kama da juna. Wasu suna amfani da man feshin gashi a maimakon gishiri, su fesa shi tsakanin fenti biyu, su kankare na sama da jiƙaƙƙen burushi da tsinken sakace. Yanayin Abuja yana da ta cewa a wannan aiki. Da damina gishiri yana jan laima, ya narke ya bar farin tabo. Da hunturu kuma fenti yana bushewa da sauri, ƙura tana neman inda za ta sauka, don haka sai ka kifa kwali a kan aikinka da zarar ka ajiye burushi.

Yanzu mu koma ga lissafin nan. A ma'aunin 1:72, tabo mai faɗin milimita ɗaya daidai yake da fiye da santimita 7 a jirgin gaske, kusan faɗin tafin hannunka. Tabon milimita 5 kuwa ya kai santimita 36, girman faranti babba. Ka ga ke nan hannu yana ɗan zarcewa, ka yi wa jirgi rauni irin wanda babu makanikin da zai bari a tashi da shi. Wannan ne abin da ya fi damuna a ayyuka da yawa da nake gani. Mai aikin ya ji daɗin dabarar, ya kasa tsayawa, har jirgin ya koma kamar an tono shi daga juji. Gaskiya ne wasu jiragen Japan na ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu sun sale ƙwarai, domin an shafa musu fenti ba tare da shimfiɗa ba. Amma wannan halinsu ne su kaɗai. Jiragen Super Tucano guda 12 da Nijeriya ta karɓa a 2021 sababbi ne. Wanda ya kankare su haka ya yi wa makanikan da suke kula da su ƙazafi, ya ce ba sa aikinsu.

Saboda haka nakan yi tabo kaɗan, in ajiye jirgin a kan tebur, in ja da baya taku uku in dube shi. Idan tabon ne ya fara shiga idona kafin jirgin, ya yi yawa, sai in rufe wani sashe da fentin sama. Idan ya yi daidai, saura ƙura. Nakan kankare alli mai launin ƙasa, in haɗa da ɗan ja kaɗan don ya yi kama da jar ƙasarmu, in shafa da busasshen burushi a tayoyi da ƙarƙashin fiffike, inda taya take watso ƙasa lokacin sauka.