Abin da Na Koya Wurin Masu Tsaron Ƙofar 'Yan Wasa

Kowane gidan wasan kwaikwayo a unguwar West End ta Landan ƙofa biyu gare shi. Ta gaba ita ce mai fitilu da manyan hotuna, inda ake duba tikiti a nuna maka kujerarka. Ta baya kuwa sai ka zagaya lungu, ka wuce kwandunan shara da bututun hayaƙin gidajen abinci, sannan ka tarar da ita, 'yar ƙarama, da ɗan allo a samanta. Ta nan duk mai aiki a gidan yake shiga ya fita, tun daga jarumin da hotonsa ke jikin motocin bas har zuwa mai gugar tufafin wasa. Idan aka tashi wajen ƙarfe goma na dare, ba kowa ke wucewa tashar jirgin ƙasa ba. Wasu nan suke zagayowa su yi cirko-cirko, kowa da biro da ɗan littafin wasan da ya saya a ciki, suna jiran 'yan wasa su fito a gaisa, a sa musu hannu, a ɗauki hoto. A shekarun da na yi aiki a birnin ina cikin masu zagayowar nan. Jarumai na gani da dama, amma abin da ya zauna mini a rai daga wurin mutumin da ke zaune bayan ƙofar na samo shi.

Wurin zamansa ɗan akurki ne mai tagar gilashi. Idan ƙofar ta buɗe za ka hango allon makullan ɗakunan sauya kaya, da rajistar da kowa ke sa hannu, da waya, da akwatin kyamarorin tsaro, da 'yar lasifikar da ke kawo masa sautin abin da ake yi a dandamali. Wasiƙu da furanni da abincin da aka yi oda duk ta hannunsa suke bi. A Ingila ƙa'ida ce kowane ɗan wasa ya kasance cikin gida minti 35 kafin a fara, kuma rajistar nan ce ke nuna wanda ya iso da wanda bai iso ba. In gobara ta tashi, ita za a duba a san ko akwai wanda ya rage a ciki. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wurin ba, domin zaure ne: baƙo ya yi sallama ya tsaya, a shiga da saƙonsa, mai gida ya fito ko ya ce a ba shi haƙuri.

Da farko mutum yakan ga kamar tsananin ya yi yawa. Mene ne abin tsoro a hannun mai biro da takarda? Amsar tana manne a bangon wani lungu mai suna Maiden Lane, bayan gidan wasa na Adelphi. A nan ne ranar 16 ga Disamba, 1897, aka daɓa wa William Terriss wuƙa yana shirin shiga ya yi wasan daren. Terriss na cikin jaruman da Landan ta fi so a zamaninsa. Wanda ya kashe shi, Richard Archer Prince, ɗan wasa ne da aiki ya ƙare masa, kuma Terriss ya sha taimaka masa. Kotu ta ce yana da taɓin hankali, aka kai shi asibitin Broadmoor. Yau akwai allon tunawa a wurin, mutane suna wucewa ba sa ko ɗaga kai. Darasin farko ke nan: ni dai tun da na karanta shi na daina jin zafin kallon da mai ƙofa ke yi wa jakata. Na san abin da ke zuciyata, shi kuwa bai sani ba. Fuskoki hamsin ne a gabansa cikin duhu, kuma wanda ya zo da ƙauna da wanda ya zo da sharri duk murmushi iri ɗaya suke yi.

Darasi na biyu ya fi wuyar haɗiyewa: kuɗin tikiti na kallon wasa ne, da an sauke labule ciniki ya ƙare. Wani dare na ga wani mutum cikin kwat mai tsada yana buga gilashin tagar da zobensa, yana cewa ya biya kuɗin kujerar gaba, ya zo daga nesa, dole jarumar ta fito. Mai ƙofar, wani dattijo mai furfura, bai ɗaga murya ba. Ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, wasan ka gani har ƙarshe?" Mutumin ya ce ya gani. Dattijon ya ce, "To ai an ba ka abin da ka saya. Wannan kuma lokacin tashinta ne daga aiki." Ya mayar da taga ya rufe. Wasu suka yi gunaguni, amma gaskiya ya faɗa. Yawancin 'yan wasan nan sau takwas suke hawa dandamali a mako, kwana biyu daga ciki sau biyu a yini, da rana da kuma da dare. Wanda ya yi sa'a biyu da rabi yana waƙa da kuka da tsalle, muryarsa ita ce jarinsa, kuma gobe ma ana jiranta. A 2017 Ben Platt, wanda ke jagorantar wasan Dear Evan Hansen a Broadway ta New York, sai da ya fito fili ya yi bayani bayan an zarge shi da ƙin fitowa wurin masoya: wasan yana cin ƙarfinsa, dole ya huta in ana so ya iya na gobe. Da annobar korona ta rufe gidajen wasa a Maris na 2020, aka dawo a 2021, gidaje da yawa sun dakatar da gaisuwar ƙofar baya na wani lokaci, wasa kuma bai fasa ba. Abin da za a iya ɗauke shi ba tare da an tauye maka haƙƙi ba kyauta ce, mai karɓar kyauta kuma ba ya buga taga.

Na uku, "a'a" ɗin da ke fita daga bakin mai ƙofa sau da yawa ba tasa ba ce. Wani ɗan wasan ya ce yau ba ya jin daɗi, wata tana sauri ta karɓi ɗanta wurin mai reno, wani kuma kamfanin ne ya hana ɗaukar hoto. Mai ƙofa ba zai tona maka dalilin ba, domin amana ce. Shi zai sha zagin, wanda ya aiko shi kuma sunansa bai ɓaci ba. Na lura cewa masu iya aikin ba sa ƙarya kuma ba sa tonon asiri. Ba za su ce "ya tafi" alhali yana ciki ba. Sai dai su ce, "Yau ba zai tsaya ba, kada ku ɓata lokacinku." Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai tazara mai yawa, kuma a nan ake gane wanda ya ƙware.

Wadda ta fi burge ni wata mata ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau rataye a wuya. Daren ana yayyafi mai sanyin shiga ƙashi. A gefena akwai wata uwa da 'yarta da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, sun zo daga wani gari a arewacin Ingila, uwar sai duba agogo take saboda jirgin ƙarshe. Yarinyar ta rungume ɗan littafin wasan a cikin rigar sanyinta don kada ya jiƙe. Matar ta hango su ta kyamara, ta fito da laima, ta wuce mu duka ta durƙusa daidai tsawon yarinyar. Ta ce, "'Yata, wa kike jira?" Yarinyar ta faɗi sunan. Matar ta ce, "Tana da baƙi a sama, ba za ta sauko da wuri ba, ku kuma jirgi zai bar ku. Kawo littafin." Ta koma ciki ta ɗauko ambulan, ta sa uwar ta rubuta adireshinsu a kai, ta ce za ta ajiye a akwatin wasiƙun jarumar da hannunta. Ba ta yi alkawarin za a sa hannu ba, cewa ta yi zai isa. Uwar ta ja 'yarta suka nufi tasha da gudu-gudu. Duk abin bai kai minti uku ba. Ba ta karya doka ko ɗaya ba, ba ta shigar da kowa ciki ba, ba ta kuma bar yarinya ta tafi da ɓacin rai ba.

Daga wurinta na koyi cewa a wannan ƙofa aike yakan fi zuwa da kai. Tsohuwar al'ada ce a gidajen wasan Birtaniya mutum ya rubuta wa ɗan wasa wasiƙa ta hannun ƙofar baya, ya haɗa da ambulan mai kan sarki da adireshinsa. Na gwada, amsa kuma ta zo da rubutun hannu, ta fi duk wani hoton da aka ɗauka cikin turereniya. A bakin ƙofa ɗan wasa daƙiƙa goma gare shi da kai. A ɗakinsa kuwa, tsakanin wasan rana da na dare, yana da sukunin karanta abin da ka ce.

Na kuma ga amfanin gaisuwa. Yawancin masu jira ba sa ganin mai ƙofa sam, ta kansa suke leƙe. Ni da tarbiyyar gida ba ta bar ni in tsaya gaban mutum ban ce masa sannu da aiki ba, sai na tarar wannan kaɗai yana sauya fuska. Ba ya buɗe maka ƙofa, kada ma ka sa rai. Amma yana sa a gaya maka ka tsaya ta hagu domin ta nan suke bi, ko a ce ka tafi gida yau babu mai fitowa. A daren hunturu wannan labari ba ƙaramin alheri ba ne.

Ba duka ne na kirki ba. Na gamu da wani matashi a wani gida da ya san sarai jarumin ya fice ta wata ƙofar tun tuni, amma ya bar mutane tsaye cikin sanyi, duk wanda ya tambaye shi sai ya ɗaga kafaɗa. Sai da aka fara kashe fitilu ya faɗa, yana murmushi. Bai zagi kowa ba, bai ture kowa ba. Abu ɗaya kawai yake da shi wanda ba mu da shi, wato sanin abin da ke ciki, kuma ya ji daɗin riƙe shi. Na sha ganin wannan hali a wurare masu nisa da gidan wasa, duk inda aka ba mutum kujera a bakin ofishin wani babba.

Akwai kuma abin da tsayuwar kanta ke koyarwa, idan mutum ya buɗe ido. Kafin jarumi ya fito, mutane da yawa sun riga shi. Makaɗa ne kan fara fitowa da akwatunan kayan kiɗa a baya, suna sauri, ba mai kula su. Sai masu fitilu cikin baƙaƙen kaya, da masu sanya wa 'yan wasa tufafi, da masu gyaran gashin kanti. Sai 'yan ko-ta-kwana, waɗanda suka haddace rawar jarumi tsaf suna jiran ranar da zai kwanta ciwo. Na taɓa ganin ɗayansu ya fito bayan shi ya ɗauki wasan daren baki ɗaya, mutane suka buɗa masa hanya ba su gane shi ba, sai mai ƙofa ne ya ɗaga murya ya ce ga wanda kuka yi wa tafi ɗazu. Nan take aka yanyame shi. A gidan Lyceum, inda ake nuna The Lion King tun 1999, cikin masu fitowa ta baya akwai mawaƙan Afirka ta Kudu waɗanda muryoyinsu ne ke ɗauke da wasan, amma ba sunansu ne a manyan alluna ba. Haka a National Theatre a 2017, lokacin da aka nuna Barber Shop Chronicles na Inua Ellams, haifaffen Jos, wasan da ke yawo tsakanin shagunan aski na Landan da Legas da Akara da Kampala da Harare da Johannesburg: ba jarumi ɗaya ake jira ba, taro ne ya yi aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai ƙofa ne kaɗai yake gaisawa da dukan hannuwan da sunansu.

Yanzu da aiki ya zaunar da ni a inda wasu ke zuwa nema ta hannuna, da ma'aunin waɗancan mutane nake auna kaina. Mai riƙe da ƙofa ba a ɗora masa ya shigar da kowa ba, sau da yawa ma aikinsa hanawa ne. Abin da ke wuyansa uku ne: kada ya tona asirin na ciki, kada ya yi wa na waje ƙarya, kuma kada ya ci lokacin mutum alhali ya san amsa. Idan babu, a faɗa da wuri. Idan akwai wata hanya, ambulan ce ko wata ranar, a nuna ta. Dattijon nan ya hana, matar nan ma ta hana, matashin nan ma ya hana. Biyu daga cikinsu har yau ina yi musu fatan alheri.