Tsohon gida cikin Birni: abin da muka gani kafin mu taɓa asusu

Tun bara ake ta maganar nan a taron mako: kuɗin asusu na kwance, me zai hana mu sayi tsohon gida a cikin Birni, mu gyara, mu riƙa ba baƙi haya? A Faransa sana'a ce sananna, mutum ya sayi tsohon gidan gona, ya gyara ɗakuna, masu hutu su zo su biya su kwana. Shi ya sa mu biyar daga ƙungiya muka zaga unguwar da ƙafa, don a yanke shawara da ido ba da ji ba.

Birni dai ba sabon wuri ba ne ga kowa, amma kallon mai saye daban ne da kallon mai wucewa. Fadar Sarkin Damagaram tana nan tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun wanda ya kewaye garin da ganuwa. Zinder ce babban birnin Nijar a lokacin Nasara har 1926, da aka mayar Yamai. A 2006 an sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su. Ga lunguna ƙunci-ƙunci, ga manyan duwatsun nan da gidaje suka jingina da su, ga zanen bango da zankwaye a kan soraye. Wallahi wani zauren in kin shiga da rana tsaka, sanyinsa ya fi na ɗakin siminti mai fanka.

To amma gidan ƙasa kamar jariri ne, ba a barinsa. Wani tsohon magini ya raka mu, kuma bai kalli zane ba ko sau ɗaya. Gindin bango ya fara dubawa, inda ruwan damina ke ci. Sannan ya ɗaga kai ga azara, ya ƙwanƙwasa ya ji ko gara ta shiga, ya duba indararo ko yana zubar da ruwa nesa da bango. Ya ce kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, kuma wanda ya shafa siminti a kan tubali ya rufe ciwo ne kawai: danshi ya kwanta a ciki, wata rana fatar ta ɓalle gaba ɗaya. Azarar giginya ma yanzu sai an nema. Kuɗin saye sau ɗaya ne, kuɗin gyara kowace shekara.

Sai ruwa. Duk ƴar Damagaram ta san rani a nan. Mu mun saba da jiran ga-ruwa, amma baƙon da ya biya kuɗinsa ba zai jira ba. Babu tanki, babu bayan gida mai tsabta, to a bar maganar.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gado. Yawancin gidajen nan na kakanni ne, magada sun warwatsu, wani na Kano, wani na Agadas, wata na aure a Maraɗi. Mutum ɗaya ya ce ya sayar miki, bayan shekara biyu ƙanwarsa ta zo da rabonta, ki tsinci kanki gaban alƙali da kuɗin mata talatin. Sai kowane magaji ya sa hannu, mai unguwa ya shaida, takarda ta fito daga hukuma da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko mijinta ba. Wannan ko kunya ba ma ji mu faɗa.

Su wa za su kwana? Kada mu yi mafarkin Turawa masu kyamara, yanzu ba su cika zuwa ba. Baƙinmu na gaske su ne fataken Kano da Difa, iyayen ɗaliban jami'a, ƴan biki, da masu zuwa kallon hawan Sallah. Waɗannan ɗaki mai tsabta suke so, da gidan sauro, da koko da ƙosai da safe. Nan ne ma ribar mata take: abinci, wanki, shara.

Ga lissafi. Mata 30, kowace jika guda a mako, shekara ta ba da miliyan ɗaya da dubu 560 na sefa. In muka zuba shi duka a bango, mai neman bashin jarin ƙuli-ƙuli ko kuɗin magani ina za ta dosa? Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991 ya tsaya ne a kan kuɗi su riƙa juyawa tsakaninmu.

Ra'ayinmu mu biyar shi ne kada a saya tukuna. Mu karɓi hayar gida ɗaya na shekara uku da yarjejeniya a rubuce, mu gyara ɗaki biyu, mu buɗe littafi daban da na asusu. Maginin ya yarda ya zo taro mai zuwa da ƙiyasin yaɓe da azara, kowace ta zo da tambayarta.