Ƙwaron da ke sa dankali ɗaci

A fadamar Rima, tsakanin Wurno da Goronyo, aikin da ake ba mu yara a gonar dankali shi ne toshe tsaga. Da ruwa ya janye, rana ta fara gasa laka, sai kunyoyi su dinga darewa, mu kuwa mu bi su da 'yar fartanya muna jawo ƙasa muna rufewa. Ka rufe yau, jibi ta sake buɗewa. Baffana ba mai dogon bayani ba ne. "Kai ɗan nan, kak ka bar ƙasa baki buɗe," iyakar abin da zai ce ke nan.

Abin da muke tsarewa ɗan ƙwaro ne siriri, baƙi mai sheƙin shuɗi, tsawonsa bai kai santimita guda ba. Idan ka gan shi a ganye sai ka rantse tururuwa ce, sai ka matso ka ga dogon bakin nan nasa da gashin-baki biyu a jiki. Ka taɓa shi ya faɗo ƙasa, ya naɗe ƙafafu, ya yi mutuwar ƙarya. Mun sha wasa da wannan halin nasa.

Macen ba ta iya tona ƙasa mai zurfi. Tsaga take nema ta bi ta kai ga dankalin, ta huda fatar da bakinta, ta saka ƙwai guda, ta liƙe ramin, ta matsa gaba. Farar tsutsar da ke fitowa ita ce mai ɓarnar: tana ci tana haƙa hanya a ciki har ta rikiɗe, kuma a zafi irin namu duk zagayen ba ya wuce wata guda da 'yan kwanaki. Ɗacin kuwa daga dankalin kansa yake fitowa, wani sinadari ne da yake fitarwa don kare kansa idan an yi masa rauni. Shi ya sa ko ka yanke wurin da ya ɓaci, sauran ma ba ya ciwuwa. Mata masu saye a kasuwar Rabah sukan karya guda su sansana kafin a yi ciniki, kuma hancinsu bai cika kuskure ba.

Sai da na girma na iske sunansa a littafi: Cylas puncticollis, wanda wani masani ɗan Suwidin, Boheman, ya sa masa a 1833. Shi da ɗan'uwansa Cylas brunneus 'yan Afirka ne. Na ukunsu, Cylas formicarius, daga Asiya ya bazu cikin ƙasashe masu zafi. Masana sun daɗe suna kai-kawo da su: an taɓa haɗa su da dangin Apionidae, ƙananan ƙwarin da wasunsu ke huda kwanson wake tun yana gona, yau kuma suna ƙarƙashin Brentidae. Dukkansu 'yan babban gidan masu dogon baki ne, wanda aka san jinsinsa sama da 60,000. Ƙwaron wake na rumbu, da muke ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ba ya ma cikin gidan. Duba shi da kyau, ba shi da bakin.

Bayan an kammala madatsar Goronyo a 1984, noman rani ya faɗaɗa, kuma a ganina ƙwaron ma ya ci ribarsa, don gonar da ba ta hutawa ba ta raba shi da abinci. Yanzu matasa sun fi son goya injin feshi da duƙawa da fartanya. Feshin yana kashe na kan ganye, amma tsutsar da ke cikin dankalin, da ƙwan da ke gindin yaɗon da aka yanko daga tsohuwar gona aka dasa, maganin ba ya isa gare su.